Ranar da Aka Ɗauki Kujerar Pandeli

Shekara talatin da ɗaya shagona na kallon shagon askin Pandeli, taku huɗu ne tsakaninmu. Ni ina dafa gliko, ɓaure da ɓawon lemo cikin sukari, shi yana aske gemun mutanen garinmu Përmet. In na ɗaga kai daga tukunya, ta cikin tururi nake hango shi, dogo, a rankwafe, kamar mai yi wa kan mutum raɗa.

Pandeli bai yi aure ba. Ƙanensa Naum ne iyalinsa. An haifi Naum da lalurar nan da jiki ke girma hankali ya tsaya a yarinta, ga zuciya mai rauni. Likitoci sun ce ba zai kai ashirin ba, sai ga shi da furfura yana shekara arba'in da takwas. Yana ɗan shekara tara aka kai shi cire haƙori, ƙarti huɗu suka danne shi, aka fizge ba allurar kashe zafi. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara taɓa masa fuska, har mahaifiyarsu ta koma ga Allah ba ta samu ta shafi kumatunsa ba. Pandeli kaɗai ya yarda da shi, shi ma sai a kan kujerar aski.

Kowace Asabar da safe, kafin kowa ya zo, Naum zai hau kujerar, a kwantar da ita, a rufa masa tawul mai ɗumi. Pandeli yana kaɗa kumfa yana ɗan waƙa ta hanci, kogin Vjosa na ta gunjinsa a ƙasan gari. Daga ƙarƙashin tawul Naum yake ba da labari: wai yana ganin Mama tana shanya a bakin ruwa, zannuwan suna tashi sama ba su dawowa. In an gama sai ya tsallako wurina, in cika masa cokali da gliko. Shekara da shekaru ina ɗura masa sukari, ina ganin kirki nake yi. Yau in na tuna, haushin kaina nake ji.

A bazarar bara kumatunsa na hagu ya kumbura. Ya daina cin gurasa, ya daina zuwa wurina. Pandeli ya kai shi babban asibiti, suka ce haƙori ne, sai an sa shi barci kafin a cire, sannan suka duba zuciyar suka ce in ya yi barcin ba lallai ya farka ba. A farke kuma bai bari ko fitila a haska masa baki ba. Suka dawo gida da ƙwayoyi, kumburin ya sauka, ya sake dawowa.

"Lefteri," Pandeli ya ce mini wata safiya, yana nuna mini hannunsa na dama da ke rawa, "dubi wannan. Yau haƙori ne. Gobe in na faɗi, wa zai wanke masa fuska?"

"Kai da ko mura ba ta kama ka? Tsohon banza, sha kofinka," na ce. Amma na shiga ciki na yi kuka a kan tukunya.

Ornela 'yar garinmu ce, ta karanto aikin haƙori ta buɗe ɗan ɗaki a saman tudu. Ni na kai mata maganar, don ina jin laifin nawa ne. Ta saurara, ta tambaye ni abu ɗaya: yaushe Naum yake kwantar da kai baya da son ransa? Asabar mai zuwa sai ga ta a shagon aski, ba farar riga, ba jaka.

"Kawu Pandeli, aski na zo koyo."

"Ke 'yar nan, mace da aska? Mutanen garin nan wuya ɗaya gare su."

"To ba ni kwanon kumfa, wannan dai ba ya yanka."

Asabar ta farko kumfa kawai ta kaɗa, Naum na hararar ta ta madubi. Ta biyu ta matse tawul ta miƙa wa Pandeli. A ta uku Naum ya ce kumfarta ta yi ruwa, ya karɓi burushin ya nuna mata yadda ake yi. Tsofaffin da ke jiran layi suka sa mata suna Almajirar Gemu, ita kuwa ta ce duk wanda ya ƙara faɗa za ta leƙa bakinsa a gaban jama'a, kowa ya ja bakinsa. A ta biyar ita ta rufa masa tawul, yana ciki yana ba ta labarin zannuwan Mama. Ta ce, "Kawu Naum, buɗe baki in ga ko kumfa ta shiga." Ya buɗe. Ta duba da ɗan madubin da ta ɓoye a hannun riga, ba ta taɓa komai ba. Sannan ta gaya masa gaskiya: akwai haƙori mai ciwo, tana iya cire shi, amma kayanta suna kan tudu.

"Ba na hawa kujerarku," in ji Naum.

"Ai taka za ka hau," in ji Ornela.

Haka aka kwance kujerar daga ƙasa, abin da ba a taɓa yi ba tun zamanin mahaifinsu. Maza shida suka ɗauke ta a kafaɗa da sanyin safiya. Hazo ya taso daga kogi ya rufe ƙafafunsu, sai ka ga kujera ita kaɗai tana hawa tudu a hankali, ja, fatarta duk ta tsage. Naum na biye da kwanon kumfa a hannu biyu, Pandeli da tawul a kafaɗa, ni a baya ina haki. Mata suka leƙo ta tagogi.

A ɗakin Ornela an rufe kayan ƙarfe da zane, an kashe babbar fitila. Naum ya hau kujerarsa, aka kwantar. Pandeli ya ɗauko tawul mai ɗumi zai rufa masa ido, hannun ya ƙi tsayawa, gefen tawul ɗin ya dinga bugun kumatun da ke ciwo. Naum ya kama hannun ya riƙe, ya daɗe yana kallon yadda yake rawa.

"Yaya, ka gaji. Je ka zauna wurin Lefteri. Ornela za ta yi."

Ya miƙa wa Ornela tawul ɗin da kansa, ya ɗora hannunta a kan fuskarsa.

Muka fito muka zauna a kan matakala. Ina jiran ihu, ban ji ba, sai muryar Ornela ƙasa-ƙasa tana gaya masa kowane abu kafin ta yi. Na juya zan ce wa Pandeli ya kwantar da hankalinsa, sai na ga hawaye har gemu.

"Korata ya yi, Lefteri," ya ce. "Shekara talatin da tara ina roƙon Allah in ga ranar da Naum zai kore ni."