Sarjan Na-Allah, Wanda Ya Kife Kwandon Ƙofa

Da an sallame asuba, Sarjan Na-Allah shina bakin ƙofar zangonmu na albasa, nan Malanville. Ya share wurin, ya yayyafa ruwa, ya sauke ma mata kaya daga kai ko daga bayan moto, ya nuna musu inuwa. Matan ƙauyukan Madécali da Guéné Baba Soja suke ce mishi. Ƙarshen watan ga za shi bar ƙofar, gwiwa ta gaza. Ni tsohon dillali ne a zangon, kuma na ga ya dace a faɗi abin da mutumen ga ya yi, ko da faɗin bai yi muna daɗi ba.

Akwai wata al'ada da munka gada. Babban kwando ne a bakin ƙofa. Duk matar da ta shigo da albasa, mai gadi ya ɗebi hannu guda daga kayanta ya zuba, da marece dillalai su raba. "Na ƙofa" muke ce mishi. Ba mu taɓa kiranshi da wani suna ba.

Da Sarjan ya ajiye kaki munka ba shi gadin, ranar farko ya kife kwandon ya zauna bisa. Mun zaci bai gane ba. Anka yi mishi bayani, ya ce ya gane sarai. Kasuwa ta ci, ta sake ci, kwando na kife. Sai sarkin dillalai, Alhaji Ɗan'inna, ya tara mu don a sallame shi, alhali kowa ya san gadin nan ne ke riƙe da tukunyar gidanshi.

Ɗan'inna ya ce, "Sarjan, gadi munka ɗauko ka, ba limanci ba. 'Yar albasar nan ce za ta rusa Malanville?"

Anka yi dariya. Sarjan ya jira ta lafa, ya ce, "Alhaji, in ba ku labari, sannan ku karɓi ƙofarku.

"Ran da jirgi ya sauke mu gabashin Kwango, aikin kiyaye zaman lafiya, na zaci ƙarar bindiga ce za ta tarbe mu. Shiru. Duwatsu kore shar, ƙasa baƙa, in ka kafa sanda sai ta yi ganye. Na ce a raina, ga abinci, faɗan me? Anka loda mu a kamiyo, babbar motar soja. Muna tafe sai ga mata jere, rogo a baya, igiyar kayan rataye a goshi. Wasu samari masu bindiga sun gitta igiya a hanya. Ba duka, ba tsawa. Kowace ta iso, su ɗebi hannu guda su zuba a kwando. Gaba kaɗan wata igiyar, wani kwandon. Wata tsohuwa ta duƙa ta buɗe buhunta da kanta, ta kau da kai tana kallon sama. Na san kallon nan, Alhaji. Innata daga Madécali take kawo albasa zangon ga, kuma haka take yi a ƙofar nan. Sai da na kai wata duniya na gane ba tsuntsaye take kallo ba."

Wani ya ce, "To, mu bindiga gare mu?"

Sarjan ya ce, "A'a. Ƙofa gare ku, mai albasa kuwa ba ta da wata."

Mafi yawanmu mun san innar tashi, Ummul-Khairi. Mun sha sayen kayanta, mun sha cin na ƙofarta. Ba wanda ya iya cewa a kore shi. Ɗan'inna ya gyara hula ya ce la'asar ta yi, munka watse kowa idonshi ƙasa. Kada a ce mun tuba a ranar. Kunya ce ta ɗaure muna baki.

Tun daga nan mutane sun ga abubuwa. Wata rana ya tafi salla, wani dillali ya ɗaga kwandon, ya ɗebi albasar mata ya zuba. Sarjan ya dawo, ya ɗauki kwandon bisa kai, ya bi mata rumfa rumfa shina mayar ma kowace nata. Tsohuwa Aissa ta Guéné kuwa da hannunta ta miƙa mishi kyauta. Ya ce, "Kaka, kai ma jikokinki. Ni na yi hawaye isassu, ba sai da albasa ba."

Kai ne, Sarjan, ka je yaƙi ba ka kawo muna labarin jarumtaka ba, ka kawo muna fuskarmu. Kai ne ka ɗora abincin 'ya'yanka a kan kwando kifaffe, ba ka san ko gobe da ƙofa ba. Mun gode, Allah shi saka, shi ba gwiwa sauƙi.

Ku kuma masu ƙofofi, a kasuwa kuke ko tashar mota ko bakin kogi, in mai wucewa ta buɗe kayanta ta kau da kai, ku dubi inda take kallo.

Jiya na ji wasu na raɗa, wai in Sarjan ya tashi, hutun kwando ya ƙare. Na san mu, na san hannunmu. Sai na roƙi Sarjan ya tafi da kwandon gida. Ya ce dama kazarshi ta ƙyanƙyashe, shina neman abin kife 'yan tsaki.