Dakta Bashiru ya tafi, kwamfutarsa ma ta ɓace

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina buɗe kemis ɗina a Maradun aka bugo mini waya: Dakta Bashiru ya rasu.



Ga waɗanda ba su san shi ba, ɗan Bakura ne, abokina tun sakandare, malamin kimiyyar haɗa magunguna a Talata Mafara. Tun da ciwon suga ya sa aka yanke wa mahaifiyarsa ƙafa ya duƙufa kan aiki guda. Yana narka ƙaro ya mai da shi siririn abu kamar leda, a manna a kan miki, ya riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan. Maganin kuwa "peptide" yake ce masa. Na ce Dakta, yi mini da Hausa. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan gutsuren furotin ne, Lawali, amma huda ƙwayar cuta yakai."

Bara aka kawo mini wani dattijo daga Janbako, ƙafa ta ruɓe. Na roƙi Dakta ya ba ni abin nasa mu gwada. Ya ce, "Ba a ƙare gwaji ba. Ba ni koyon aiki a jikin baban wani." Haushi ya kama ni. Shi kuwa ya ɗauki tsohon a motarsa har asibiti, ya yini da shi.

Ranar Alhamis ya biyo ta shagona, muka sha fura. Wayarsa na ta ƙara, yana kife ta. Na ce lafiya?

Ya ce, "Wasu mutane ne, wai kamfani. So sukai in sa hannu in ba su aikin duka, sunana ba ya fitowa. Na ƙiya."

Na ce su wane ne?

"Ko ofishinsu ban gano ba. Kuma sun san abin da ban taɓa faɗa ma kowa ba sai a ɗakin gwaji."

Ya shanye furarsa, ya ce a gaida iyali. Lafiyarsa lau.

Yau an ce mini gajeriyar rashin lafiya ce. To. Rai na Allah ne, na yarda, ba na ja da wannan.

Amma da na shiga yi wa matarsa Malama Rabi gaisuwa bayan jana'iza, ta ce tun kafin a yi masa wanka wani mutum ya yi sallama, ya ce daga wurin aiki aka aiko shi karɓar kwamfuta. Tana cikin kuka, ta miƙa masa. Na tambayi abokan aikinsa uku, kowa ya ce ba a aiki kowa ba. Ɗaya ya ja ni gefe ya ce firij ɗin da Dakta ke ajiye kwalaben maganinsa a ɗakin gwaji an same shi a buɗe, babu ko ɗaya.

Wa ya san ya rasu da wannan sassafe? Wa ke da makullin ɗakin?

Ban kama sunan kowa ba. Amma wanda ya karɓa, in kana karanta wannan, ka mayar. Haƙƙin marayu mata biyu ne a hannunka.

Allah ya jiƙan Bashiru, ya haskaka makwancinsa, ya raya abin da ya bari, ya bayyana gaskiya. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi cikin addu'a.