Yadda Na Fitar da Yayata Awon Jini a Jidda

Ko da aka kira assalatu, jakunkunanmu na cikin mota. Da asuba muka bar Zariya, ni da wata maƙwabciyata da za ta Umara, muka kama hanyar Kano. Direbanmu ya san kowane rami a titin nan, amma bai kauce wa ko ɗaya ba. A Kwanar Dangora muka sayi ƙosai, muka ci a cikin mota don kada jirgi ya bar mu. Ashe jirgin ne zai sa mu zaman jira har rana ta take.

Ni ba Umara kaɗai ta fitar da ni ba. Yayata ce, wadda ta yi aure a Jidda tun ina firamare, muryarta ta canza mini a waya. Yau ciwon kai, gobe jiri. In na ce ta je asibiti, sai ta ce Alhaji ya ce gajiya ce.

Jidda ta tarbe mu da wani zafi mai danshi, irin wanda ke manna wa mutum mayafi a wuya. Maƙwabciyata ta wuce Makka da ayarinsu, ni kuma Alhaji, mijin Yaya, ya ɗauke ni zuwa unguwarsu, Kurayyat. Haifaffen Jidda ne, kakanninsa suka zo aikin Hajji suka zauna, shi ya sa Hausarsa rabi Larabci ce. Mutumin kirki ne, kada ku ji ni ba daidai ba. Da safe shi ya fita ya sayo mana ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa mai faɗin faifai. Na tambayi kuɗinsu, na juya a naira, sai na ji na ƙoshi tun ban kai loma ba.

Amma yanayin da na ga Yaya a ciki bai bar ni na ji daɗin komai ba. Idanunta jajur, ƙafafunta sun kumbura, in za ta miƙe sai ta dafa bango.

A kwana na uku na haɗu da maƙwabciyarsu ta saman bene a matakala. Nas ce 'yar Filifin, kowa Sista yake ce mata. Da ta ji ina Turanci, sai ta riƙe hannuna kamar ta daɗe tana jirana. Ta ce ta sha yi wa Yaya magana. Ta ce ranar Juma'a, da yake ita ce ranar hutunsu, 'yan ƙasarsu kan taru a wani mustausaf, ƙaramin asibitin unguwa, a Ammariyya, ana yi musu awon jini da na suga kyauta. Likitocinsu kuma suna bincike kan abin da ke hana mutanensu zuwa a duba su tun suna da lafiya. Binciken nasu ne su kaɗai, ba za a rubuta sunan Yaya a ciki ba, amma awo ba a hana kowa.

Bayan la'asar na sami Alhaji da maganar. Ya ajiye kofin shayinsa.

"La, la. Iƙamarmu tana wurin kafili, Balaraben da ya tsaya mana, ana sabuntawa. A je asibiti babu takardar zama? Kuma wanda ya fita neman ciwo ai zai same shi. Halas."

Na ce, "Alhaji, ciwon ba nemo shi za mu je yi ba. Yana cikin gidanka, yana dafa bangonka. Da girmanka nake gaya maka: ranar Juma'a zan fita da ita."

"Ke baƙuwa ce."

"Baƙuwa ce a Jidda. A wurinta nono ɗaya muka sha."

Ranar Juma'a da hantsi na miƙa wa Yaya abayarta. Ta dubi ƙofar ɗakin Alhaji, ta dube ni. Sai ta karɓa ta saka. Muka tari tasi da Sista.

Ammariyya tsohuwar unguwa ce, lunguna matsattsu, gidaje sun ji jiki. Mustausaf ɗin cike yake da 'yan Filifin: direbobi, masu aikin gida, masu gyaran lantarki, kowa da takardar tambayoyi a hannu, suna ta raha kamar gidan biki. A gefe an jera taliya da soyayyen kifi, amma an hana kowa taɓawa sai an soki yatsarsa. Ban taɓa ganin layi mai sauri irin wannan ba.

Muna jira Sista ta ce mini mutanensu ma haka suke. Mutum ya yi shekaru yana aika komai gida, ba ya yarda a duba shi, don kada a gano wani abu a sallame shi daga aiki. Mahaifiyarta, a cewarta, tana shanya ta faɗi, daga nan ba ta ƙara magana ba. Shi ya sa ita ba ta hutun Juma'a.

Aka ɗaura wa Yaya abin awo a damtse. Sista ta dubi lambar, ta canza hannu, ta sake. Sai ta tashi ta kira likita. Likitan, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce hawan jinin ya kai inda ba za ta yarda Yaya ta koma gida ba, babban asibiti za a wuce yanzu.

Na kira Alhaji na gaya masa, ban rage ba, ban ƙara ba. Ana sakkowa daga masallaci ya iso da jallabiyarsa. Ashe a hanya ya kira kafilin, mutumin kuwa nan take ya turo masa shaidar sabuntawar a waya. Abin da aka yi watanni ana tsoro ke nan. Bai dube ni ba, ya ce, "Yalla, mu tafi."

Kwana biyu Yaya ta yi a gadon asibiti. Aka ɗora ta kan magani, aka hana ta gishiri, abin da ya fi allurar ɓata mata rai. Ni ma fa ban tsira ba. Sista ta ce mai wa'azi ta kawo yatsarta, sai ga suga na ya ɗan haura. Shekara arba'in da bakwai ban taɓa yin awo ba, ina ta yi wa wasu faɗa.

Na yi Umarata ni kaɗai. Alhaji bai yi mini magana ba sai a filin jirgi, inda ya sauke mini jaka ya ce, "Wallahi kin cika taurin kai." Na ce, "Na gode, Alhaji." Shi har yau bai yarda an auna shi ba. Na bar wa Sista wannan yaƙin.

Na iso Zariya lafiya. Masu zuwa sannu da zuwa suka tarar tsarabata dabino ne da na'urar awon jini. Wata ta ce na je ƙasa mai tsarki na dawo da tsoron mutuwa. Na ce mata mutuwa tana da ranarta, ban isa in ɗaga ta ba, amma jikin nan amana ne. Abin da na koyo daga mutanen da ba yarenmu ɗaya ba shi ne, shiru ba ya warkar da kowa, kuma ladabin da zai sa in zuba ido 'yar'uwata ta faɗi, na yafe shi. Sannan na ce ta naɗe hannun rigarta.

Ta yi tsaki. Ta naɗe.