'Yan Dashe

Taurari ne huɗu, ƙanana, dishi-dishi, can kudu kusa da babban tauraron nan mai haske. Ban san sunansu na boko ba. Kawuna, wan innata da ya riƙe ni a Kwargaba, 'Yan Dashe yake ce musu. In ba a gan su da asuba ba, ba ya yarda a cire irin albasa daga wurin reno a kai fadama.

Shekarar da idonai ya mutu, dubawa ta dawo kaina, ni da ban taɓa tsayawa na ƙirga su ba. Ina da mata da ɗiya biyu, kuma irin da munka rena shi ke nan gare mu. In ya lalace, babu albasa. Maƙwabta duk sun yi dashe, suna yi mani ba'a. Kullum in mun fito masallaci sai ya kama hannuna.

"Juya kudu. Ka gan su?"

"Ban gani ba, Kawu."

"To mu tahi gida."

Rana ta shida na gaji. Na ce na gan su.

"Nawa na?"

"Biyar."

"Biyar? Ashe sun haihu." Ya yi dariya har da tari. "Kai wanga yaro, ko ƙarya ba ka iya ba. Mi kaka ma gaggawa? Albasa ta, ba amarya ba."

Na yi fushi, kwana biyu ban ci tuwo da shi ba. A na uku ruwa ya sauko, irin na ƙarshen damina, gulbin Rima ya cika ya hau fadama. Dashen mutane ya kwanta cikin laka ya ruɓe. Namu irin yana wurin reno, bisa tudu.

Bayan sati na gan su da idona. Sai lokacin ya gaya mani ba bokanci ba ne, taurarin ba su san komi ba. Ƙanƙanta ce ta yi musu yawa. Muddin da sauran laima a sama, ba su ganuwa.

Munka yi dashe. Irin da ya rage, Kawu ya sa na kai ma maƙwabcin da ya fi kowa yi mani ba'a. Ban so ba, amma na kai. Albasar nan gida biyu ta ciyar har damina ta zagayo.

Ban taɓa gode mashi da baki ba, ba mu saba da hakan ba. Buhun farko dai na kai ɗakinai, ya shafa, ya ce sun yi ƙanana. Allah ya jiƙan shi.