Bindigar da Maigidana Ya Gane a Talabijin

Maigidana tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa tun yana saurayi. Bayan ya tuɓe kaki muka yi aure, muka zo London, hukumar unguwa ta ba mu gidan haya a Thamesmead, can saman wani dogon ginin kankare. Shi yana tuƙin bas, ni ina girki a wata makarantar firamare.

A lokacin zafi na 1987, muna cin abincin yamma, aka ce a talabijin wani mutum ya bi titunan wani ƙaramin gari yana harbin duk wanda ya gani. Da aka nuna irin bindigar, maigidana ya ajiye cokali.

"Na san ta," in ji shi. "Ba a farauta da wannan. Don mutum aka ƙera ta."

"To ina ya same ta?"

"A kanti ya saya, da lasisinsa."

Mutumin da ko taron 'yan garinmu sai na ja shi, sai ga shi a zauren taron unguwa, inda ake gardamar hana sayar da irin waɗannan bindigogi. Ya miƙe ya gaya musu abin da harsashinta ke yi wa cikin mutum. Wani Bature ya ce ya koma ƙasarsu ya koya musu. Ya ƙarasa maganarsa ya zauna.

Shekarar da ta biyo aka yi dokar. Ya sa na soya kaji, ya kira maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan Ghana mai sayar da yadi. Dattijon ya ci, ya goge hannu, ya ce, "Soja, dokan ya yi kyau. Amma ƙaramin bindiga fa, shi ba ya kashewa?" Maigidana ya yi dariya, ya ce a bi a hankali.

A 1996 ina kicin ɗin makaranta rediyo ta ce wani ya shiga firamare a Scotland ya harbe ƙananan yara da malamarsu. Da ƙananan bindigogi, su ma da lasisi. Na fito ina zuba wa sa'o'insu dankali, ludayi na kaɗawa a hannuna. Wata 'yar ƙarama ta tambaye ni ko sanyi nake ji.

Iyaye mata suka tashi haiƙan sai an hana ƙananan bindigogin ma. Na ce, "Baban yara, ba za ka je taron ba?"

"Na je wancan karon," ya ce.

Aka hana su, ko a jikinsa. Ba a daɗe ba aka bugo waya daga gida: 'yan fashi sun tare motar ƙanensa a hanyar Kaduna, sun buɗe wa kowa wuta, ƙanen bai tsira ba. Ya tambaya wace irin bindiga ce, aka gaya masa, ya miƙo mini wayar ya shige ɗaki.

Daga nan ya bar tuƙi. Aikinsa ya koma raka jikarmu da ke zaune wurinmu makaranta. In ta shiga sai ya tsaya a bakin ƙofa har a tashi. Shugabar makarantar ta roƙe ni in yi masa magana, wai iyaye sun fara tsorata da shi. Sai ya koma tsallaken titi, kusa da wurin jiran bas, ko ana ruwa.

Na ce, "Don Allah, in wani ya zo da bindiga, me za ka yi masa hannu rabbana?"

"Ba komai," ya ce. "Amma dai zan gan shi."

Haka ya yi ta tsayuwa har yarinyar ta gama firamare. Sakandaren da ta samu tana da nisa, gwiwoyinsa kuma sun riga sun gaza. Ranar farko ta yi masa sallama da Turanci ta sauka, shi kuma ya zauna a falo da takalmansa a ƙafa har ta dawo.