Ruwan Da Ba Shi Da Gefen Dafawa

Juma'a, Gubaira, huɗu saura kwata

Na fito daga gida tun kafin kiran Asuba, matata Hajiya Rabi na biye da ni da fulas ɗin shayi. Likita Mu'azu ya riga ya iso daga unguwarsu ta Malaz, nan cikin Riyad, kekuna biyu ɗaure a bayan motarsa. Shi ya fara gano hawan jinina, shi kuma ya ja ni cikin tirayatlon, gasar da ake yin iyo, a hau keke, a ƙare da gudu, duk a jere babu hutu. Saura mako huɗu a yi ta, kuma da hannunsa ya rubuta sunana.

Ni dillalin kayan gyaran mota ne. Daga dakon kaya a kasuwar gwanjo na faro, yau ina da rumbu biyu a ƙarƙashin sunan kafilina, ɗan ƙasar da ya tsaya min. Duk wanda ya taɓa hulɗa da ni ya san wayata ba ta yin ƙara uku ban ɗauka ba. Bakanike ya kwance injin mutum yana neman abu, in ban ɗauka ba na gaba zai kira. Da haka na ci kasuwa.

Riyad ba ta da teku, shi ya sa muka kama hanyar gabas. Sharaɗin Likita ɗaya ne: mita ɗari bakwai da hamsin a cikin teku ba tsayawa, in ba haka ba ya cire sunana. Ban damu ba. Wata huɗu ke nan, duk Litinin da Laraba ƙarfe shida na safe, ina zuwa wurin iyo na wani gidan hutu a bayan gari, in gama in aika masa saƙo: "An cika." A majalisarmu ta unguwar Al-Oud kuwa na riga na faɗa wa kowa cewa ni ɗan Wudil ne, a kogi na girma.

Hanyar Dammam

Mun yi Asuba a masallacin wani gidan mai, ƙarfe biyar da 'yan mintoci. Gaba kaɗan muka tarar da shinge. Jami'in ya karɓi iƙamarmu, katunan zaman ƙasa, ya haska kekunan, ya dawo ya dubi tumbina.

"Dukansu naka ne, Duktur?"

"Ɗaya na Alhaji ne."

"Ma sha Allah," in ji shi, ya miƙo mana katunan.

Rana ta fito muna tsakiyar jan yashi. Wajen bakwai muka tsaya muka ci wake da gurasa, riyal goma sha biyu mu biyu. Ko da yake Juma'a ce, kafin mu tashi na amsa waya huɗu. Wani na neman giyabos, wani fitilar baya.

"Alhaji, yau ma?"

"Likita, mota ba ta san Juma'a ba."

Ya ƙarasa shayinsa.

Kobar

Tara saura muka shiga gari, kilomita ɗari huɗu da ɗoriya. Mai masaukinmu Injiniya Tukur ne, abokin Likita, wanda ya daɗe yana wannan gasa. Ya ba mu ɗakin baƙi, bayan Masallaci ya ajiye mana shinkafa da kifi. Da La'asar muka hau keke kilomita ashirin a bakin ruwa, ban bar su sun tsere min ba. Wannan ya ƙara buɗe min baki. Da Injiniya ya tambaye ni ko na taɓa shiga ruwan gishiri, cewa na yi ruwa ai ruwa ne.

Asabar, bakin teku, shida na safe

Injiniya ya zo da ɗan ƙaramin kwalekwale zai bi ni a gefe. Ya nuna min wata jar alama da ke yawo can nesa, ya ce in je in kewayo ta. Na tuɓe, na sa tabaran iyo, na tsaya da waya a hannu ina dube-dube.

"Me kake nema?" in ji Likita.

"Inda zan ajiye ta."

"Kawo."

Ya kashe ta a gabana, ya jefa a jaka.

Mun taka cikin ruwa har ya kai min ƙirji, sannan na kwanta na fara. Farko lafiya lau. Na yi bugu kamar talatin, sai hannuna na dama ya miƙe da kansa yana neman bango. Babu bango. Ƙafata ta sauka tana neman ƙasa. Babu ƙasa. Na ɗago kai in ja numfashi, igiyar ruwa ta cika min baki da gishiri.

A nan ya kamata in faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba. Wurin iyon da nake zuwa tsawonsa mita ashirin da biyar ne, ruwansa iya ƙirji. Wayata kullum tana gefe, a kan tawul. In na kai bango sai in tsaya, in goge hannu, in duba. In amsa bakanike, in faɗi farashi, in tura direba rumbu, sannan in koma. Sau talatin nake haye ruwan, ban taɓa rage ko ɗaya ba. Amma ban taɓa haɗa biyu ba tare da na tsaya ba. Abin da ake yi a minti ashirin, ni awa ɗaya da rabi nake yi, in fito ina jin na haɗa aiki da motsa jiki, babu wanda ya cutu.

Na sake gwadawa, bugu goma, ƙirjina ya ɗaure. Ban san lokacin da na rungumi kwalekwalen Injiniya ba, har na kusa kifar da shi.

"Riƙe nan, Alhaji, kar ka hau. Numfasa kawai."

Haka ya jawo ni zuwa gaɓa ina rataye, ina aman ruwa. Akwai wasu Larabawa da iyalansu a kan darduma suna karin kumallo. Wani dattijo ya taso ya miƙo min ruwan gora, ya dafa kafaɗata. Na gwammace a ce dariya ya yi. Jar alamar tana can inda take, ko kashi ɗaya cikin goma ban yi ba.

Komowa

Bayan Azahar muka yi sallama da Injiniya. Bai tayar da zancen ba, sai dabino da ya sa mana a mota. Da muka shiga jan yashi na gaji da ɓoyewa, na zayyana wa Likita komai, har tawul ɗin.

"Na sani," in ji shi.

"Wa ya gaya maka?"

"Kai. Tun watan jiya nake kiranka ranar Laraba, shida da rabi, lokacin da ka ce kana cikin ruwa. Ba ka taɓa bari ta yi ƙara uku ba."

Na tuna kiran. Ya tambaye ni magani, ya tambayi Hajiya, ni kuma ina tsaye ruwa iya ƙirji ina amsa masa da fara'a.

"Me ya hana ka faɗa min a Riyad?"

"Da na faɗa, ciniki za ka yi da ni. Ka ce ranar gasa ba za ka tsaya ba. Na san ka, Alhaji."

Gaskiyarsa. Ko a lokacin sai da na taya. Na ce ya ba ni mako huɗun nan, in ajiye waya, ya sake gwada ni.

"A'a. Wannan gasar ta wuce ka. Akwai wata bayan zafi. Ranar da na kira ka shida da rabi ba ka ɗauka ba, sai mu yi magana."

A gidan man da muka yi Asuba jiya ya miƙo min wayar. Kira goma sha ɗaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun saya a wani wuri, sauran suna jirana.

Gubaira, bayan Magariba

Hajiya ta tare ni a ƙofa, ta dubi idanuna da gishiri ya rina.

"Alhaji, yaya teku?"

"An tsamo ni, Hajiya."

Ta karɓi jakar. Na ce mata daga Litinin, shida zuwa bakwai da rabi, wayar tana hannunta, duk wanda ya kira ta ce ya dakata.

"Har Likita?"

"Shi ma. A'a, shi kar ma ki ɗauka."

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina godiya ga Injiniya Tukur da kwalekwalensa, da Likita Mu'azu da ya ƙona mai kilomita ɗari takwas don kada a tsamo ni a gaban jama'a. Mutanen majalisar Al-Oud kuma, waɗanda suka ce za su yi ayari su zo kallona, ku bar motocinku a gida. Maganar Wudil gaskiya ce, can aka haife ni. Amma a bakin kogin muke wasa, inda ruwa bai wuce gwiwa ba.