Ranar da Aka Kawo wa Mijina Mari Saboda Lissafi

Shin ana iya raba abin da ke tafiya ya dawo da abin da ke tafiya ba ya dawowa? Mijina ya ƙare rayuwarsa a kan wannan tambaya, ya tafi ya bar ni da ita, har yau ban san amsarta ba. Ban yi lakol ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta abin da nake faɗi, tana dakatawa in kuka ya ci ƙarfina, domin bai daɗe da rasuwa ba, Allah ya jiƙansa.

Lokacin da ƙasarmu ta samu mulkin kai ina amarya a wani ƙauye kusa da Gazawa, yarinya mai jin kunyar dangin miji, abin da suka ce shi ne gaskiya a wurina. Mijina yana cikin yaran da aka kai lakol dole, ya yi ta wucewa har gwamnati ta tura shi Dakar karatun lissafi. Kowa Mushe yake ce masa, kamar yadda ake kiran malamin lakol da Faransanci, har ni. Da ya zo hutu wata damina, sai muka ga ya canja. In ya dawo daga gona sai ya zauna gindin gawo, ya share ƙasa, ya jera tsakuwa da ƙwayoyin gujiya, ya yi ta zane yana gogewa yana magana shi kaɗai. A wurinmu mai bugun ƙasa ne kaɗai ke yin haka. Mata suka fara zuwa, wannan akuyarta ta ɓata, waccan tana son a duba mata ciki. Ya ce musu wallahi bai san inda akuya take ba. Sai magana ta juya: tunda yana zane kuma ba ya duba, to iska ce ta taɓa shi a bakin teku.

Uwarsa ta kira ni ta tambaye ni abin da nake gani. Na ce mata yakan manta da tuwo har ya huce, wani lokaci ya yi dariya ba kowa kusa. Ban yi ƙarya ba, amma da bakina aka ɗaure maganar. Ƙanen babansa, wanda ke riƙe da gidan, ya yanke cewa ba zai koma Dakar ba. Za a kira maƙeri daga Cadawa ya sa masa mari a ƙafa, a kai shi wurin wani mai magani can wajen Gidan Rumji. Aka ce in yi shiru, kuma ni zan ba da shaida gaban liman. Na taɓa ganin wanda aka dawo da shi daga irin wurin nan, ƙafafunsa duk gyambo, ba ya ɗaga ido. Na daina cin abinci, ina daka ina hawaye cikin turmi.

Da safiyar ranar da maƙerin zai zo na kai masa fura gindin gawon, na ga idon sawunsa, sai na kasa tashi. Na yi abin da ba wanda ya yi a gidan: na tambaye shi wai mene ne wannan da yake yi. Ya dube ni da murna kamar na ba shi doki. Ya ce yana nazarin taron abubuwa da ake haɗawa, irin waɗanda ko da wanne ka fara sakamakon ɗaya ne. Ban gane ba, ya ga haka a fuskata, sai ya ture tsakuwar ya ɗauko zancen kasuwa. Ya ce in tuna kasuwar Agiye: ƙara kwana bisa kwana, ranarta za ta zagayo. Waɗannan masu dawowa ne. Amma wanda ya miƙi hanyar gabas yana ƙara zango bisa zango, ba zai taɓa ganin kansa a ƙofar gidansu ba. Waɗannan marasa dawowa ne. Nasa aikin, in ji shi, yana kan taron da ya gauraya duka biyun, kamar fatake: ranar da suka tashi tana zagayo musu, garin da suka baro kuwa sai ƙara nisa. Masu dawowa kullum ana iya tara su gefe guda. Wahalar ita ce sauran: wani taron yana rabuwa tsaf gida biyu, wani kuwa duk yadda ka yi ba za ka ware marasa dawowa su tsaya su kaɗai ba. Masana na neman yadda za a gane wanne ne wanne, da iri nawa ne, kuma ba a gama ba.

Ba zan ce na fahimci duka ba. Abin da na gani shi ne, duk inda na ɓace sai ya tsaya ya komo ya ɗauke ni. Mai taɓin hankali ba ya damuwa ko ka gane shi.

Da hantsi suka iso, liman da baffan nasa da maƙeri riƙe da mari cikin buhu. Sai a lokacin Mushe ya san abin da ake ciki. Baffan ya ce in faɗi abin da na faɗa wa uwarsa. Ni da ban taɓa ɗaga murya gabansa ba, na durƙusa na ce: "Baba, in hauka ce, a sa maƙeri ya ƙero biyu, don ni ma na fara gane abin." Maƙerin ya fashe da dariya, ya ce ƙarfen mutum ɗaya ya zo da shi. Liman ya gyara zama ya ce Mushe ya maimaita masa. Har azahar suna gardama a kan ranakun kasuwa, liman na cewa wannan ɗan'uwan hisabi ne, ilimi ne ba iska ba. Baffan bai ba da haƙuri ba, ya dai ce a ba maƙeri fura ya kama hanya. Da kaka Mushe ya hau kamyon, babbar motar dakon gujiya, zuwa Maraɗi, ƙafarsa lafiya lau. Ban taɓa yin barci mai daɗi irin na ranar ba.

Ya dawo ya koyar da lissafi shekaru masu yawa, muka haifi ƴaƴa, muka ga jikoki. Bai warware tambayarsa ba, bai kuma taɓa yi mini gorin abin da na faɗa wa uwarsa ba. Ina kuka yanzu, amma in na tuna da buhun nan sai in ce alhamdu lillahi, da ƙafarsa ya yi yawon duniya. Ina roƙon masu karatu, in naku ya zo da abin da ba ku saba gani ba, ku tambaye shi kafin ku tambayi mutane a kansa. Saura ƙiris in rasa mijina da rai saboda tambaya ɗaya da na ji kunyar yi.

Ranar da zai cika, ina gefensa ina yi masa fifita, na ce yanzu ga shi zai shiga cikin marasa dawowa ya bar ni. Ya yi murmushi, ya riƙe mini yatsa, ya ce: "Hajiya, ba na gaya miki akwai taron da ba ya rabuwa ba? Ni da ke a ciki muke."